Lungun Da Aka Bar Wa Tukunya

A yawancin gidajenmu na Limanti ba a gina madafi, ragowa yake yi. In aka tashi gini ko gyara, sai an fara fitar da ɗakin maigida da ɗakunan mata, a yanka wa samari nasu a bakin zaure, a tsayar da banɗaki, wani gidan ma har a fasa shago ta titi saboda 'yan kuɗin haya. Abin da ya saura bayan wannan duka, komai ƙanƙantarsa, komai karkacewarsa, shi ake ɗora wa fallen kwano uku a ce mana, "To, ga kicin nan." Alhali babu ɗaki a gidan da ake shiga da fita kamarsa. Ɗakin baƙi yakan yi sati a kulle, amma wannan lungun tun kafin assalatu ake hura masa wuta, ba a kuma rabuwa da shi sai bayan isha'i.

Da can ba haka abin yake ba. Kakanninmu da suka zo Yerwa, wasu da fatauci, wasu da allo a hannu sun taho Gabas neman karatu, sun tarar da fili sun zauna a wadace. Garin ma a lokacin sabo ne, don sai a 1907 Shehu Garbai ya baro Kukawa ya kafa fada a nan, unguwanni irin su Shehuri da Limanti da Hausari da Fezzan suka taso a kewaye. Tsofaffinmu suna ba mu labarin tsakar gidan da za a shanya gero buhu guda kuma a bar wa yara wajen wasa. A fili ake girki, a gindin dogon yaro ko a ƙarƙashin rumfar zana. Madafi kuwa na ranar ruwa ne da ajiyar itace. Shi ya sa ba wanda ya damu ya yi masa taga. Wa zai yi wa ɗakin itace taga?

Sai mutane suka yi ta ƙaruwa, fili yana nan yadda yake. Gida ɗaya aka raba gado ya zama uku, kowane kaso aka ja masa katanga. Sannan 2014 ta zo. Da Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Bama a Satumba, Baga kuma a farkon 2015, da wuya ka sami gida a unguwar nan da bai sauki baƙi ba. 'Yan uwa ne, ko surukai, ko abokan cinikin kifi da wake na shekara da shekaru, ba bakin da za ka ce musu su tafi sansani. Aka tada ɗakuna a tsakar gida cikin gaggawa. Daga baya wasu baƙin suka koma garuruwansu, ɗakunan kuwa suna nan. Rumfar girki ce ta fara tafiya, bishiya ta bi ta, tukunya ta koma ɗakin itace ta zauna dindindin.

Ga yadda namu yake, ko mu ce yadda yake a da. Mu uku ne muke girki a gidan, matan wa da ƙane da kuma ƙanwar mazanmu da ta dawo gida da 'ya'yanta. Ga Inna, mahaifiyarsu, wadda ta ajiye muciya amma ba ta ajiye sa ido ba. Baki 17 ake ciyarwa kullum, ban da almajirai biyu masu kai mana markaɗe. Tsawon madafin ƙafa 8. Faɗinsa a bakin ƙofa ƙafa 6, amma katangar maƙwabta a karkace ta zo, don haka can ciki ya tsuke ya koma ƙafa 4, kamar mazurari. Ƙofa ta ciki take buɗewa, in aka turo ta sai ta cinye wurin tsayuwar mutum guda. Taga babu. Daɓen ya fi tsakar gida zurfi, saboda shekara da shekaru ana ciko a waje ba a yi a ciki, sai ya zama duk ruwan da ya sauka sai ya leƙo ya gaishe mu. Murhu kuma yana can ƙuryar da ta tsuke, daidai inda iska ba ta kaiwa.

Duk wadda ta yi girki a irin wannan ɗaki ba sai an yi mata bayani ba. Ki shiga da idonki fari ki fito da shi jajawur. Tari ya zama abokin zama, ciwon kai na yamma kuma har mun daina lissafa shi cikin ciwo. A watan Afrilu da Mayu, da zafin garin nan yake haura 40, ga kwano a sama ga wuta a ƙasa, mace takan fito kamar an tsamo ta daga rijiya. In kuma azumi ya faɗo a irin lokacin, ke dai bari. Abin da ya fi ta da mana hankali shi ne goyo. Uwa tana durƙushe tana fifita wuta, jariri yana bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, sama da 237,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu dai ba mu da ma'aunin da za mu auna namu hayaƙin, amma muna da bango. Kunkunniyar da ta lulluɓe shi har tana ɗiga, irinta muke ta haɗiya. Ban da wannan ga ƙuna. Tukunya a ƙasa, yaro mai rarrafe, ƙofa mai bugun bayan wadda ke kwashe miya. Kowa a unguwar nan ya san wani yaro ko wata yarinya da ke ɗauke da tabon ruwan zafi.

Mun daɗe muna mita, ana ce mana sai an sami kuɗi. Dalili kuwa, da an ce gyaran kicin, abin da ke zuwa ran maza shi ne irin hotunan da amare ke sawa a Facebook, tayil har sama, kabad jere, famfo mai sheƙi. Suka lissafa a ransu suka ga ba su da shi, maganar ta mutu. Mu kuwa ba wannan muke nufi ba. Irin wancan kicin an yi shi ne don mai dafa taliya a 'yar tukunya, mutum biyu su ci. Ko kyauta aka ba mu, tukunyar tuwonmu ba za ta zauna a kansa ba.

Ambaliya ce ta buɗe mana ƙofar magana. Ba sai mun ba ku labarin ranar 10 ga Satumba 2024 ba, da dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye fadar Shehu da Kasuwar Monday da Gwange, ya shigo mana har ɗaka. Kowa ya san inda ya kwana a wannan satin. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa kowa da alheri. Da muka dawo, madafi ne ya fi ko'ina lalacewa, tunda shi ne mafi zurfi. Gero da shinkafa da garin masara, duk abin da ke ƙasa ya tafi. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, banda da aka sayo a Tashar Baga, sun narke cikin laka. Abin da ya tsira a ɗakin gaba ɗaya shi ne ƙwarya biyu da ke rataye a ragaya, wadda Inna ta ɗaura a azara tun bayan ambaliyar 1994, muna ta yi mata dariyar tsohon yayi. Ba ta ce mana komai ba. Ta sa aka sauke mata ƙoren ta duba, ta ce a mayar.

Dole aka fitar da komai waje don a kwashe laka. A ranar muka ga madafin babu kaya a ciki, muka tsaya muna kallonsa kamar ba mu san shi ba. Ashe ba ƙanƙanta ce kaɗai ta dame shi ba, kaya ne suka cinye shi. Ga tsohon keke mara taya. Ga buhun siminti biyu da suka daskare suka zama dutse. Ga janareto da ya mutu ana jiran ranar gyara. Ga firji, wanda tun Janairun 2021 da aka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu muka yi wata da watanni cikin duhu ya daina sanyi, ya koma ma'ajiyar maggi da ashana, yana tsaye yana cin wurin mutum ɗaya da rabi. Ga manyan tukwanen biki da ba a taɓa su sai ranar suna ko Sallah. Ga kwalla da samira na auren kowaccenmu, jere kan jere, kyankyasai sun yi gari a ciki. Sai muka yanke shawara a tsakaninmu tun kafin maza su dawo daga masallaci: duk abin da ba a taɓa shi cikin sati guda, ba zai koma ba. Tukwanen biki suka tafi saman ɗakin samari. Firji da keke masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauka, kuɗinsu ya sayi siminti. A kan janareto an ɗan yi ka-ce-na-ce, mai shi ya ce abu kaɗan ya rage ya tashi. Inna ta ce, "To, kai shi ɗakinka ya tashi a can." Shi ke nan. Turmi da taɓarya ma muka fitar, suka sami gindin katanga inda kwano ya ɗan zarto, a kife turmin in an gama. Ai daka ba aikin ɗaki ba ne tun asali.

Tunda dai katangar ta tsage dole magini ya zo, sai muka ce kafin ya zo mu san abin da za mu gaya masa. Wata 'yarmu da ke karatu a Ramat ta ba mu labarin wata mata 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, wadda a 1926 aka ba ta aikin zana kicin na gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Kicin ɗin mita 1.9 ne da mita 3.4, aka kuma yi irinsa wajen 10,000. Kafin ta zana, sai da aka bi aikin girki daki-daki, ana ƙirga taku ana auna lokaci. Muka ce in dai ƙirga taku ne, wannan ba sai Bature ba. Wata yamma muka zaunar da yarinyar a bakin ƙofa da biro, ɗayarmu tana tuwo da miyar kuka. Kafin a kwashe, mai girkin ta fita ta dawo sau 23. Fiye da rabi ɗibar ruwa ne, don randa tana can ɗaya gefen tsakar gida kusa da inda mai moya yake juye jarkoki. Sauran kuwa neman wuƙa, neman rariya, ɗauko gishirin da wata ta shiga da shi ɗaki, zubar da ruwan wanki. Kowace fita kuma an bar wuta da tukunya ba mai tsaro.

Daga nan tsarin ya fito da kansa. Girki yana da hanyar da yake bi: ruwa, gyaran cefane, wuta, kwashewa. Muka ce kaya su jeru yadda aikin yake tafiya. In ka shiga, ta hannun dama randa ƙarama mai murfi a kan ɗan tudu, ana cika ta da safe daga babbar. Gaba da ita wurin yanka da wanki. Gaba kuma wuta. Ta hagu wurin jera kuloli da kwanukan rabo, don wadda ta kwashe ta juya kawai ta ajiye. Ƙuryar nan da ta tsuke, wadda ta yi shekaru tana shaƙe mu da hayaƙi, muka raba ta da murhu ta zama ma'ajiya. Wurin da bai isa mutum ya zauna ya yi tuƙi ba, ya isa a jera kanta huɗu daga ƙugu zuwa sama.

Ƙofa aikin yini ɗaya ce. Kafinta ya cire ta ya juya ta tana buɗewa ta waje, sannan ya raba ta biyu, sama da ƙasa, kowanne da sakatarsa. Ana girki a rufe ta ƙasa a bar ta sama a buɗe. Iska tana shiga, uwa tana ganin tsakar gida, mai rarrafe da akuya kuma sun tsaya a waje. In da za a ce mu zaɓi abu ɗaya cikin duk gyaran mu ba wata shawara, wallahi wannan ƙofar ce, kuma ita ta fi komai arha.

Hayaƙi ne ya ba mu wahala. Hayaƙi sama yake yi, kuma ba ya fita sai in iska ta sami ta inda za ta shigo ta ƙasa ta kora shi. Wato kafa biyu ake so, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama daidai kan wuta. Ta ƙasa ba matsala, aka cire bulo ɗaya ta ɓangaren tsakar gida aka sa raga saboda ɓera. Ta sama ce rigima. Bangon da ya fi dacewa a fasa shi ne na maƙwabta, kuma ba ma fasa taga ta kalli tsakar gidan mutane, matansu suna zaune, balle mu tura musu hayaƙinmu. Bangon gabas kuma ba a so, don kowa ya san hadarin garin nan daga gabas yake tasowa, iska ta kaɗo ruwa ta cusa shi ta kowace kafa, hunturu ma ƙurarsa daga can arewa maso gabas take zuwa. Magini ya ce to sai haƙuri. Wata maƙwabciyarmu Babarbariya, wadda muke tsokanar juna da ita kullum a kan wa ya fi iya burabusko, ita ta ce, "Ku zo ku ga nawa." Nata kwano ɗaya aka yanke daidai kan murhu, aka ɗaga wani a samansa da ɗan tazara kamar hula, bakin yana kallon yamma. Ruwa ba ya shiga, hayaƙi yana fita. Muka jawo magini har gidanta ya gani da idonsa. Ya yi ta gunaguni amma ya yi, kuma ya yi da kyau. Can nesa da wuta, ta kan ma'ajiya, aka sa fallen kwanon roba guda mai barin haske ya shigo. Yanzu da rana ba ma kunna tocilan mu ga ko miya ta yi.

Sai maganar dakali, wadda ta kusa raba kanmu. Ƙaramarmu tana son a yi shi dogo a riƙa girki a tsaye, ta ce durƙuso ya kashe mata baya. Gaskiyarta. Inna kuwa ta ce ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwon mutum 17 a tsaye ba. Ita ma gaskiyarta. Tuƙi yana son tukunya a ƙasa, mace a kan kujera 'yar tsugunno, ta sami inda za ta dafe ta sa ƙarfin kafaɗa. Haka madambaci, in aka ɗora shi a kan tukunya ana burabusko ko dambu, ya riga ya yi tsawo, in ka ƙara masa dakali sai an hau kujera kafin a leƙa. Waɗanda suka kwaikwayi kicin ɗin hoto suka yi komai a sama, ku je ku duba, da yawansu sun dawo da kurfoti ƙasa a bakin ƙofa, dakalin ya zama wurin ajiye kwanuka. Mu sai muka yi hawa biyu. Na ƙasa tsayin bulo ɗaya, mai faɗi, na babbar tukunya, yana da ɗan baki a gefe don kada ta zame. Na sama na gas da yanke-yanke. Da magini zai auna na saman sai ya auna da ƙugunsa, shi kuwa dogo ne. Babbarmu ta ce, "Baba, kai za ka yanka albasar?" Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, zo ki tsaya." Aka auna da wadda ta fi gajarta a cikinmu, don doguwa tana iya ɗan sunkuyawa, gajeriya kuwa ba ta da yadda za ta yi. Ƙarƙashin dakalin ba a cike shi ba, an bar shi rami biyu, ɗaya na gawayi ɗaya na baho da bokiti.

Daɓen aka cike shi ya haura tsakar gida, aka ɗan karkata shi zuwa ƙofa don ruwan wanki ya san hanyarsa. Muka roƙa kada a goge simintin ya yi santsi. Santsi da ruwan kuɓewa da tukunya mai zafi a hannu ba sa haɗuwa.

Bango kuwa, tunda ƙasa ta ci amanarmu, shi muka kama. Kanta ta katako gara ba ta barinta a unguwar nan, don haka mai walda ya yi mana ta ƙarfe. Ya kuma kafa rodi ɗaya a bango da ƙugiyoyi, muciya da ludayi da mara da maburgi da rariya da matankaɗi kowanne ya sami wurin rataya. Wuƙa a can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Hatsi ya bar buhu ya koma bokitai masu murfi, kuma babu wanda ke zaune a ƙasa. Ragayar Inna ta sami 'yan uwa biyu. Abu ɗaya muka hana: ba a rataya komai a saman wuta, ba a jera komai a wurin, ko roba ko tsumma ko galan ɗin mai. Moɗar randa ma mun yi mata ƙusarta, mai dogon hannu, ba a shan ruwa da ita ba a ajiye ta a ƙasa. Wannan tun lokacin kwalarar da gwamnatin jiha ta sanar da ɓullarta a watan Oktoba bayan ambaliya muka ɗauki ɗabi'ar, muka ga ba dalilin sakinta.

Akwai abin da masu ba da shawarar kicin daga nesa ba su sani ba game da mu. Su murhu ɗaya suke lissafawa. Mu kuwa uku muke ajiyewa a ɗaki ɗaya, don ba mu san wanda zai samu gobe ba. Gas in an sami kuɗin cikawa, gawayi in ya ƙare, itace in gawayi ya yi tsada. Itacen ma mun san yadda yake zuwa, mun san akwai bayin Allah da suka shiga dazukan da ke kewaye da garin nan neman sa ba su dawo ba, shi ya sa ba ma hura shi da wasa. Wuta uku a ɗaki mai ƙafa 8 kuwa sai da lura. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka daɓe mai zurfi irin namu na da tarko ne, kuma kulle tukunyar gas cikin kabad don kyan gani ganganci ne. Tamu tana kusa da kafar nan ta ƙasa, a ɗaya ƙarshen dakali, nesa da kurfoti. Duk ranar da aka ciko ta sai mun shafa ruwan omo a bakin da kan tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana, don Allah. Da dare a rufe ta daga kanta. Gawayi shi ma yana da nasa sharrin, tunda ba ya hayaƙi sai a ɗauka lafiya lau ne, alhali iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki. Lokacin sanyi ne aka fi shiga haɗarin, da ake toshe kafa da tsumma ana jan kurfoti ɗaka. Itace kuwa mun fitar da shi waje gaba ɗaya, an yi masa murhu a jikin katanga na ranar tuwon taro. Wanda ya ga yadda wuta ta ci Kasuwar Monday ranar 26 ga Fabrairu 2023 ya san abin da take yi a inda rufi ya haɗu da rufi. Lungunanmu kuma, ku da kanku kun sani, akwai waɗanda ko Keke Napep ba ya shiga, balle motar kashe gobara.

Wani amfanin da ba mu yi tsammani ba, faɗa ya ragu. Da yawan saɓanin matan gida ɗaya a madafi yake farawa: wa ya taɓa mini mai, wa ya bar tukunya ba wanki, wa ya ƙarar da ruwa. Yanzu kanta huɗu ce, kowacce da tata, ta huɗun ta kayan gida ce da maza ke sayowa. Mai ranar girki ita ke da ɗakin, ta same shi a share ta bar shi a share, ta cika randa kafin ta fita. Ba mu ce mun zama mala'iku ba. Amma dai an rage abin da za a yi faɗa a kai.

Mun san da yawa cikin masu karanta wannan haya suke, ɗaki ɗaya da baranda, ko madafi guda ga iyali biyar. Ba su da ikon fasa bango ko juya ƙofa. Duk da haka fitar da tarkace ba ya neman izinin kowa, haka ƙusa da ragaya da bokiti mai murfi. Mai walda yana yin teburin ƙarfe mai hawa biyu wanda za ki ɗauka ki tafi da shi ranar tashi, da ɗan shinge mai ƙugiya da za a tare bakin baranda saboda yara. Masu gidajen haya kuma, da yawanku iyayenmu ne da yayyenmu a unguwar nan, muna sallah a masallaci ɗaya da ku. Bulo ɗaya da za a cire da kwano ɗaya da za a ɗaga ba su kai kuɗin hayar wata guda ba, kuma bangonku ne hayaƙin yake ci. Ku kuma mazanmu, ranar da magini zai zo, a kira mai girkin ta tsaya a wurin. In kunya ce ta hana, a tambaye ta da dare a rubuta a takarda.

Namu gyaran duka, da siminti da ladan magini da na kafinta da na mai walda, bai kai abin da gidan nan ke kashewa a ɗinkin Sallah ba, kuma kusan sulusinsa kuɗin firji da keke ne. Madafin yana nan a karkacensa, ƙafa 8 ɗinsa bai ƙaru da inci ɗaya ba. Zafin kwano ma yana nan, muna tunanin shimfiɗa zana a samansa kafin bazara, sai dai tsoron tartsatsi ya sa ba mu yanke ba tukuna.

Abin da ya gagare mu shi ne ruwan wanki. Ya fita daga madafi lafiya, ya bi tsakar gida, ya fita ta rariya, daga nan ya tsaya. Kwatar lungunmu tun laka ta ambaliya ba a yashe ta sosai ba, leda ta ƙara toshe ta, ruwan gida shida yana taruwa a ƙofar gidan da ya fi gangare, sauro ya sami wurin zama. Wannan ba gida ɗaya ke iya gyara shi ba. Mazan lungun sun ce za su zauna da Bulama a sa ranar gayya kafin ruwan farko. Mu matan gida shidan mun riga mun haɗa kuɗin kunu da ƙosai na masu aikin, suna hannun Inna.